Kwana 9 kenan da aka ce min ina da ciwon suga, dan Allah me kuke ci?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ciwon suga da ke gidan nan ku taimaka min da shawara, wlh kaina ya kulle. Yau kwana 9 kenan da likita ya ce min ina da shi. Dama tun bayan babbar sallah nake fama da wata irin ƙishirwa da ban saba ba, na kwana ina zarya banɗaki sau biyar sau shida, ga rama har sai da na rage wa rigunana, ni tela ce a gida nake ɗinki, in na zo zura zare sai na kira Ilham ta zura min don dishi-dishi nake gani. Ni duk ɗaukata taifod ce, har sau biyu ina sayen maganinta a kemis. Ranar da na je asibiti ban karya ba aka gwada aka ga 13.8, washegari 13.1, aka ɗebi jini aka yi wani gwajin wai shi HbA1c ya nuna 9.4. Likitan ya rubuta min Metformin safe da dare ya ce na rage zaƙi da kayan sitaci na dinga motsa jiki na dawo bayan wata ɗaya, ga layi a bayana har waje, ban samu na tambaye shi komai ba.

To tunda na dawo ban ci tuwo ba, ban ci shinkafa ba, ban sha koko ba. Wake da zogale, zogale da wake. Maigidan ya sayo min garin alkama wai an ce shi ne abincin masu suga, sau biyu na tuƙa ya ƙi shigar min. Mu tara ne a gidan kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa, jiya na tuƙa musu tuwon shinkafa da miyar taushe na kwashe wa kowa nasa na shige ɗaki ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Shekarata 41, haka zan ƙare da wake kenan? Ga maganin yana sa ni zawo da tashin zuciya. Hajiyarmu, uwar maigidan, kuma ta aiko min da jarka cike da jiƙo ta ce na ajiye na asibitin tunda bai karɓe ni ba. Ni dai ban san ta ina zan kama ba.

Ummu Affan:
Wa alaikumus salam. Ayya sannu Maman Ilham, Allah ya ba ki lafiya ya sa kaffara ne. Ki rage kukan nan dan Allah, damuwar ma kanta tayar da suga take.

Anti Bebi:
Allah sarki, Allah ya yaye. Ki koma acca da alkama kawai, haka yayata take yi, sannan ki bar suga ki koma zuma.

Baba Na Fagge:
'Yata sannu. Ni shekarata 11 tare da shi, kuma jiya da daddare ma tuwo na ci. Bari ki ji abin da ban samu mai faɗa min da wuri ba. Wata shida na farko irin naki na yi, wake safe wake rana, dare alkama, har ta kai in na ji ƙamshin wake zuciyata tashi take, na rame na lalace a masallaci sai bi na ake da sannu kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya. Abin haushin kuma sugan bai sauka yadda nake so ba, don ita alkamar tunda an ce min magani ce malmala biyu manya nake tashi da su har na nemi ƙari. Sai da yarona ya sayo min na'urar gwaji na fara aunawa da kaina. Tuwon alkama malmala biyu, bayan awa biyu na huda yatsa na ga 13 da ɗigo. Wani dare tuwon dawa malmala ɗaya 'yar ƙarama, miyar kuɓewa cike da kwano da kifi, bayan awa biyu 8 da wani abu. A nan na farga, ashe ba sunan hatsin ba ne, yawansa ne. Alkama hatsi ce, acca hatsi ce, kowanne sitaci ne, in kin cika ciki da shi sai ya nuna miki halinsa. Ban ce duk ɗaya suke ba, wanda aka niƙa da dusarsa ya fi wanda aka surfe fari tas, dawa da gero sun fi min farar shinkafa nesa ba kusa ba. Amma ace wai sai an ɗora miki tukunya daban da hatsi mai tsada, a'a. Mudun acca nawa yanzu? Talaka mai suga ya mutu kenan? Ki ci abin da gidan ke ci, ki juya lissafin kawai: da tuwo ne da yawa miya kaɗan, yanzu miya da yawa tuwo kaɗan. Kuma ki bar cin tire ɗaya da yara, ki zuba naki a kwanonki ki ga iyakarsa da idonki, don a tire mutum ba ya sanin loma nawa ya yi.

Maman Ilham:
Baba wlh har na ji wani sanyi a raina. Kenan zan iya cin tuwon? Ni fa ɗauka na yi loma ɗaya ma haramun ce a kaina.

Sista Nas:
Maman Ilham sannu da jiki. Ni nas ce, ba ni ke duba ki ba, don haka maganata ba ta hana ki komawa asibiti. Maganar Baba haka take. Yadda muke koya wa mutane, ki samu faranti madaidaici ki raba shi a ido: rabi ganye da kayan lambu, zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa, yakuwa, latas, duk wanda ya samu, kwata kifi ko nama ko ƙwai ko wake ko awara, ɗayan kwatan shi ne na tuwo ko shinkafa ko doya, kamar girman dunƙulen hannunki. Shi waken ma yana da sitacinsa, sai dai a hankali yake shiga jini shi ya sa ake yabonsa, ba wai a ci tukunya guda ba. Kuma kar ki zauna da yunwa, sau uku ki ci a kan lokaci.

Abin da za ki yi sallama da shi gaba ɗaya shi ne abin sha mai zaƙi. Kwalbar lemo 35cl akwai suga wajen cokalin shayi 9 a ciki, shi ma malt ɗin nan da ake kai wa marar lafiya wai yana ƙara jini duk tafiyarsu ɗaya, haka zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na sayarwa. Zoɓon ki dafa abinki da citta da kanumfari ki sha ba suga.

Zawon da tashin zuciyar sananne ne a farkon shan Metformin, yawanci cikin 'yan makonni yake lafawa. Ki dinga shan sa a tsakiyar cin abinci ko da gamawarki, ba a kan yunwa ba, kuma ina kyautata zaton wannan horon yunwar da kike wa kanki yana ƙara miki. In ya ƙi lafawa kar ki jira watan ya cika, ki koma, ana iya rage miki a dinga ƙarawa kaɗan-kaɗan ko a canza miki da irin wanda ke narkewa a hankali. Amma ke da kanki kar ki ajiye.

Maganar ido kuma tunda da shi kike cin abinci, kar ki yi saurin zuwa a yanka miki tabarau yanzu. In suga ya hau sosai yana canza yadda ido ke gani, in ya daidaita sau da yawa ganin yana dawowa bayan wasu makonni, sai ki ga kin yi asarar kuɗin gilashi. Amma ki je asibitin ido a duba miki can cikin idon tun yanzu, sannan duk shekara.

Anti Bebi:
Sista ba ki ce komai kan zumar ba. Ai Alƙur'ani ma ya ce waraka ce ga mutane.

Sista Nas:
Anti Bebi zuma mafi yawanta suga ce, jiki bai san daga rake ta fito ko daga amya ba, ɗaga shi za ta yi. Balle ta kasuwa da ake haɗawa da narkakken suga.

Malam Abu Sumayya:
Ayar gaskiya ce, tana Suratun Nahl aya ta 69, babu mai ja da ita. Amma ayar ba ta ce kowa ya sha kowane adadi a kowace cuta ba. Ruwa ma ai rahama ne, amma mai ciwon ƙoda wani lokacin auna masa ake. Addinin da ya yabi zuma shi ya umarce mu da neman magani ya kuma hana mu cutar da kanmu, kar mu dinga jingina wa aya abin da mu muka fahimta.

Anti Bebi:
To Malam na ji, ni dai abin da na ga ana yi na faɗa.

Ummu Affan:
Ni da na yi ciwon suga na masu ciki lokacin cikin autana koko ne ya fi ba ni mamaki. Ba na sa suga ko ƙwaya ɗaya amma in na sha kofi guda na gwada sai na ga ya yi sama kamar na sha lemo, ashe tunda an tace an zubar da dusar gasara ce zalla, sitaci ne tsagwaronsa kuma ruwa-ruwa, nan da nan yake shiga jini. Na koma karyawa da alale ko ƙosai biyar da shayi ba suga, wata rana ƙwai biyu da kwaɗon zogale. Shayin sati biyun farko kamar ina shan magani, yanzu in an sa min suga ma ji nake ya yi min yawa. Kuma har yau duk shekara sai na je gwaji don an ce wadda ta yi na ciki ta fi kusa da kamuwa da shi daga baya.

Ɗan Baiwa Mai Magani:
Hajiya kar ki wahalar da kanki, ina da haɗin da ke tumɓuke suga har saiwarsa cikin kwana 21, gado na yi wajen kakana, an gwada an gani. Ki min magana a gefe.

Admin:
Malam Ɗan Baiwa ba a talla a gidan nan, ka duba dokoki. Wannan gargaɗi ne na farko kuma na ƙarshe.

Autan Baba:
Admin da ka barni da shi. Irinsu ne suka sa yau mahaifina yake tafiya da sanda biyu. Shekara huɗu yana shan maganinsa lafiya lau yana zuwa gona, wani mai lasifika a tasha ya sayar masa da galan biyu ya ce ya jefar da na Bature yana kashe ƙoda. Wata bakwai bai sha ƙwaya ko ɗaya ba mu ba mu sani ba. Lokacin girbi kututturen kara ya soke shi a tafin ƙafa ta cikin silifas, wlh bai ji ba, ƙanwata ce ta ga jini a tabarmar sallarsa. Ya ce ɗan ciwo ne aka dinga sa masa toka da man shanu, kafin sati uku ƙafar ta yi baƙi tana wari ɗakin ba ya shiguwa, da muka kai shi asibiti suka ce ba yadda za a yi, ƙasan gwiwa aka yanke. Mai lasifikar kuwa ko ƙurarsa ba mu sake gani ba. Anti dan girman Allah kar ki ajiye maganinki saboda jarkar kowa.

Abu Khalil:
Allah ya ba Baba lafiya, labarin ba daɗi. Amma fa mu yi adalci, ba duk na gargajiya ne ƙarya ba, iyayenmu da shi suka rayu. Shi Metformin ɗin da kuke yabo ma asalin bincikensa daga wata ciyawa ce ta ƙasar Turai.

Sista Nas:
Abu Khalil wannan gaskiya ka faɗa. Bambancin shi ne an ware sinadarin, an gwada shi shekaru da yawa, an san in an ce 500mg to 500mg ne yau da gobe, an san wanda bai kamata ya sha ba. Jarka fa? Wa ya san me ke ciki, nawa ne ƙarfinsa, me zai yi wa ƙoda da hanta? Ƙodar mai suga dama a kan siraɗi take. Ni ban hana kowa cin zogale ko miyar shuwaka ko sa kirfa da hulba a shayi ba, abinci ne. Abin da na ƙi shi ne a ce sun maye gurbin magani.

Abu Khalil:
To a nan mun haɗu. Ni ma ban ce a jefar da na asibiti ba.

Maman Ilham:
Autan Baba jikina ya yi sanyi wlh, Allah ya ba Baba haƙuri. Ni matsalata ba shan jiƙon ba ce, yadda zan ce wa Hajiya ban sha ba. Kun san uwar miji, kuma tsakani da Allah don tana so na ta yi, har ƙauye ta aika aka haɗo, in ta ji na ƙi sai ta ce na raina ta.

Hajiya Uwar Marayu:
Ke 'yar nan ba ke za ki faɗa ba. Ki karɓa hannu bibbiyu ki yi godiya ki sa albarka, ɗanta shi zai je ya same ta ya ce likita ya hana a haɗa da komai sai an ga yadda na asibitin ya yi aiki, tsakanin ɗa da uwa ba a jin kansu. In kuma da hali ranar komawarki ki ce ta raka ki, ki gabatar da ita ki ce ga mamata, ta ji daga bakin likita. Tsofaffinmu in aka girmama su aka sa su cikin lamarin su ne za su koma suna yi miki faɗa in sun ga kina shan lemo. Tawa surukar Allah ya jiƙanta, ita ce ta koma mai aiko min da busasshen zogale buhu-buhu.

Gimbiyar Zazzau:
Ni fa kun rikita ni, ita ta ce nata 13.8 ana ta jajanta mata, ni mamata nata in ya yi kyau ne yake nuna 120. Kenan na mama ya yi mugun hawa??

Ɗan Maraɗi:
A'a ƙanwata, ma'aunin ne ba ɗaya ba. Mu nan Nijar ma da wani daban aka auna muna, g/L. Ni sa'adda na tai likita anka auna ni anka ce 2,6, wani ɗan uwana na Katsina ya ji ya ce ai nawa ya faɗi ƙasa a ba ni sukari maza, da na biye mishi da an kwashe ni. Na Maman Ilham mmol ne, ki ninka shi sau 18 shi ba ki irin na mamanki, 13.8 ya zama wajen 248, mu kuma mu ce 2,48. Na mama 120 a nasu lissafin bai kai 7 ba, lafiya lau ne. Iyakar da aka cewa mutum na da ciwon in bai karya ba ita ce 7.0, ko 126, ko 1,26, duk abu guda ne. Kowa shi duba ɗan rubutun da ke gefen lambar a na'urarshi.

Ni tawa jarabawar hura ce. Kun san mu nan hura ita ce abincin rana, in ba ka sha ba kamar ba ka ci komi ba. Lokotoro bai hana ni ba, ya ce in cire sukari, in rage dawon in yawaita nono. Da dawo ukku nika damawa, yanzu ɗaya, kuma ba kullum ba.

Baba Na Fagge:
Ɗan Maraɗi ka taimaka. Abin da aka ce min na nema shi ne da safe kafin na karya ya tsaya tsakanin 4.4 da 7.2, bayan cin abinci da awa biyu kar ya wuce 10, amma kowa likitansa ke yanka masa nasa gwargwadon shekaru da yanayinsa. Shi kuma HbA1c ɗin shi ne ɗan tonon asiri, yana nuna matsakaicin wata biyu zuwa uku, ba irin wanda za ka yi ta cin waina da alkaki a gidan biki in ranar asibiti ta matso ka yi kwana biyu kana cin ganye ba. Na gwada wannan wayon, likita ya kalle ni ya yi murmushi kawai. 'Yata, wani abu kuma, kin ce ke tela ce. Ɗakin ɗinki ba ya rabuwa da fil da karyayyar allura a ƙasa, daga yau kar ki ƙara taka shi ba takalmi. Kullum kafin ki kwanta ki duba tafin ƙafarki da tsakanin yatsu, in kin yi alwala ki tsane tsakaninsu, ga hunturu ya shigo ki dinga shafa mai a dunduniya kar ta tsage, kar ki kankare kaushi da reza, kar ki ɗora ƙafa kusa da kaskon wuta.

Gimbiyar Zazzau:
Na gode Ɗan Maraɗi har gabana ya faɗi. Maman Ilham in keken ƙafa gare ki ai kin gama motsa jiki 😂

Sista Nas:
😂 bai isar ba Gimbiya. Ana so a samu minti 150 a sati na tafiya mai ɗan sauri, wato minti 30 sau biyar. Ko ba ki fita ba, bayan kin ci abinci ki zaga tsakar gida minti 10 zuwa 15 maimakon ki koma kan keke ko ki kishingiɗa, za ki ga bambanci a na'ura.

Alhaji Mai Atamfa:
Kowa na maganar hawa ba wanda ya yi ta faɗuwa, ita kuwa ita ta kusa kai ni. Ni bayan Metformin an ƙara min Glibenclamide. Wata ranar kasuwa na sha da safe da ɗan shayi, baƙi suka cika shago har bayan azahar ban sa komai a cikina ba, sai gumi ya karyo min, hannu na rawa, ina ba mutum canji ina kasa lissafin dubu biyar, wai har na fara yi wa yarona masifa ba dalili. Maƙwabta suka taru wani na cewa iska ce a kira mai ruƙiyya. Allah ya taimake ni maƙwabcina ya san ina da suga, shi ya ɗauko lemo ya ba ni rabin kwalba, cikin minti 15 na dawo kamar ba ni ba. Shi ya sa ba na goyon bayan masu ɓoyewa. Da na ɓoye masa fa? Yanzu ba na fita sai da suga mai ƙwaya uku huɗu a aljihun gaba.

Sista Nas:
Haka ne Alhaji. Ƙasa da 3.9 ko 70 faɗuwa ce, a sha abu mai zaƙi nan take, a sake gwadawa bayan minti 15, in ya dawo a ci abinci. In mutum ya suma kar a ɗura masa komai a baki, asibiti kawai. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake kayar da suga haka ba, an fi samun sa ga masu irin maganin Alhaji da masu allurar insulin, amma ya kamata maigida da su Ilham su san alamun.

Ummu Affan:
Ni kam ban ce a ɓoye wa 'yan gida ba, amma ba kowa ake faɗa wa ba gsky. Mata in suka ji, ko atishawa kika yi a gidan suna sai a ce "ai kin san mai suga ce". Wata ma har cewa take a nema wa mijin lafiyayya.

Hajiya Uwar Marayu:
Su faɗa mana, bakinsu ne. Ni a gidan biki da an miƙo min lemo nake cewa a ba ni ruwa ina da suga, ya fi min sauƙi da "ɗan kurɓi ɗaya ba komai Hajiya" sau goma. Waina biyu da miya da yawa na ci na tashi, alkaki da nakiya na ƙulle wa jikoki.

Maman Ilham:
To azumi fa? Saura 'yan watanni, ni tunda na balaga ban taɓa shan azumi ba sai na al'ada da na jego.

Malam Abu Sumayya:
Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara aya ta 184 da 185, wanda zai iya ramawa ya rama, wanda likita amintacce ya tabbatar ba zai iya ba har abada ya ciyar. Masu suga da yawa suna azuminsu lafiya, wasu kuma hatsari ne a gare su, likita ne zai bambance ba ƙarfin hali ba. Kuma huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi, kar wani ya ruɗe ki.

Sista Nas:
Ki tayar da maganar tun wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan, don ana canza lokutan shan maganin. Ƙa'idar da ake ba masu azumi ita ce in ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6 a sha ruwa, ko da saura kaɗan a kira magariba. Inda aka fi faɗawa rami ma buɗa-baki ne, dabino bakwai, kunu kofi biyu, zoɓo, soyayyen dankali, sannan a zo a ci tuwo.

Gimbiyar Zazzau:
Wai ni ana warkewa kuwa kwata-kwata?

Sista Nas:
Ciwon suga nau'i-nau'i ne. Nau'i na 1, wanda jiki ba ya iya yin insulin, dole allurar insulin har ƙarshen rayuwa. Nau'i na 2, wanda ya fi yawa a manya, ba ma cewa an warke, amma yana iya lafawa har a zauna ba magani. A Birtaniya an fitar da wani bincike a 2017, masu ƙiba da ba su daɗe da kamuwa ba aka sa su rage nauyi sosai ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, kusan rabinsu sugansu ya koma daidai bayan shekara guda ba tare da magani ba. Amma in ƙibar ta dawo shi ma dawowa yake, kuma ba shi ne mutum ya kama horon kansa da yunwa a gida ba, musamman wadda ciwon ma ya riga ya ramar.

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, na dawo da rahoto bayan kwana shida. Maigidan ya sayo na'urar, sitirif ɗin da ake ɗiga wa jinin ne da tsada don haka ba kullum nake yi sau biyu ba. Shekaranjiya na tuƙa tuwon dawa na gidan gaba ɗaya, na ɗebi nawa kamar dunƙulen hannuna a ɗan kwanon silba, miyar kuka har tana zuba, da kifi ɗaya, na ci a tsakar gida tare da kowa, na zaga gidan ina kwashe shanya ina dawowa har Ilham na min dariya, bayan awa biyu 9.7. Na safe yau 8.9, bai kai inda ake so ba amma ba 13 ba ne. Zawon ya tsaya tunda na koma shan sa a tsakiyar abinci. Hajiya ta yarda za ta raka ni ranar komawa, jarkar tana nan bayan ƙofa ban buɗe ba ban kuma zubar ba. Garin alkamar na yi wa yara funkaso da shi.

Saura tambaya ɗaya kuma kar ku min dariya. Mu nan Zariya lokacin rake ne, na Maƙarfi ya fara shigowa, mai baro kullum sai ya tsaya daidai tagar ɗakin ɗinkina yana fere shi fari tas. Ko gaɓa ɗaya?

Baba Na Fagge:
'Yata rake kuma? Ai shi ne uban gayyar, daga jikinsa ake yin sugan. Ki bari lambobinki su sauka tukun, sannan ki tambayi likitanki. Yanzu dai ki sayi goba.

Alhaji Mai Atamfa:
Ko ki mayar da keken ɗaya tagar 😂

Maman Ilham:
Taga ɗaya ce a ɗakin Alhaji 😭 bari na sa labule.